Mary Breckinridge, Nas Ɗin Da Ta Zama Ungozoma A Kan Doki

'Yan'uwana mata, yau filin namu zai kawo muku tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Mary Breckinridge. Mun zaɓe ta ne musamman saboda 'yan'uwanmu nas-nas na wajen Batsari da Safana, waɗanda suka gama koyon jiyya suna shawarar ko su ƙaro ilmin unguwar zoma.

An haife ta a garin Memfis cikin shekarar 1881. 'Yar babban gida ce ƙwarai, don kakanta ya taɓa zama Mataimakin Shugaban Ƙasar Amurka, ubanta kuwa ya yi jakada a Rasha. Ta yi aure a 1904, mijin ya rasu bayan shekara biyu. Sa'an nan ne ta shiga makarantar jiyya ta asibitin St Luke da ke Niyok, ta fito a 1910. Ta sāke aure a 1912, ta haifi 'ya'ya biyu. Macen ta zo bakwaini a 1916, ba ta ko kwana ba ta koma. Namijin ya rasu a 1918 yana da shekara huɗu. Auren ma bai yi ƙarko ba, ya mutu a 1920. Duk matar da ta taɓa binne ɗa ta san abin da ke zuciyar wannan baiwar Allah, ba sai an faɗa mata ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta tafi Faransa aikin taimakon yara da mata masu ciki a ƙauyukan da yaƙi ya rusa. A can ta haɗu da matan Ingila waɗanda suka haɗa ilmi biyu, watau ga jiyya ga karɓar haihuwa. Abin ya ba ta sha'awa, domin a Amurka ta wancan zamani nas daban, ungozoma daban. Nas tana birni tare da likita, ungozoma kuwa tsohuwa ce ta ƙauye wadda ta gaji aikin.

To, a nan ne ta yi abin da ya kamata mu lura da shi. Ba ta yi gaggawar buɗe asibiti ba. A 1923 ta hau doki ta zaga duwatsun Jihar Kentaki, tafiyar wajen mil 650, ta zauna da ungozomomin gargajiya 53 tana tambayarsu yadda suke aiki. Ta tarar yawancinsu tsofaffi ne, shekarunsu sun kai sittin, ba mai duba mace tun tana da ciki, sai naƙuda ta zo a aika a kira su. Ta kuma gane ita kanta, da takardarta ta nas, ba ta da ilmin da za ta fi su. Saboda haka tana da shekara 42 ta koma aji. Ta tafi Landan, ta koyi aikin ungozoma a wani asibitin mata da jarirai da ke unguwar Woolwich, ta ci jarrabawa aka ba ta takardar shaida. Daga nan ta wuce Sikotlan a 1924 don ta ga yadda nas-nas ke kula da mutanen tsibirai da na kan duwatsu inda likita ke da wuyar samu. Masu cewa girma ya kama su, karatu ya wuce su, sai su duba wannan.

A 1925 ta kafa ƙungiyarta a gundumar Leslie, wadda daga 1928 aka san ta da suna Frontier Nursing Service. Wurin ba hanyar mota, sai rafuka da hawa da gangara. Sai ta rarraba ƙananan ɗakunan shan magani cikin ƙauyuka, yadda kowace nas za ta kai gidan da ya fi nisa a yankinta a kan doki, aka kuma gina asibiti a garin Hyden a 1928 don haihuwar da ta gagara. Kowace nas tana da jakunkunan sirdi iri biyu, ɗaya na kayan haihuwa, ɗaya na jiyyar yau da kullum. Kuɗin awo da karɓar haihuwa dala 5 ne, wanda ba shi da kuɗi ya biya da kaji, ko ƙwai, ko abincin doki, ko ya yi aiki. Har yaran wurin suka ɗauka cikin jakar sirdi ake kawo jarirai!

Asirin aikin shi ne awo. Nas takan san mai ciki tun da wuri, ta auna ta, ta gane wadda haihuwarta za ta zo da gardama, a kai ta asibiti tun kafin naƙuda ta yi tsawo. Cikin shekara hamsin na farko an karɓi haihuwa fiye da 17,000, mata 11 kaɗai suka rasu.

Wannan batu na doguwar naƙuda ba baƙo ba ne gare mu. Asibitin Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari, inda Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a 1984, ya karɓi dubban mata da suka kwana biyu ko uku a kan gwiwa, kan jariri ya danne mafitsara har ta huje. Ƙauyukan bakin dajin Rugu sun san nisa da rashin hanya, a shekarun baya-bayan nan kuma 'yan bindiga suka sa fita da mai naƙuda da dare ta zama kasada. A irin wannan wuri, ungozoma mai ilmi da ke zaune cikin gari ta fi babban likita da ke Katsina amfani da tsakar dare. Hanyar kuwa a buɗe take: wadda ta riga ta zama nas tana iya ƙara kwas na ungozoma, a Jihar Katsina ma akwai makarantar wannan aiki a Malumfashi, Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya ce ke ba da lasisi.

Ba za mu ɓoye aibinta ba. Tana da ra'ayin wariyar launin fata irin na manyan gidajen kudancin Amurka, ba ta ɗauki baƙar fata aikin nas ba, kuma ta raina tsofaffin ungozomomin da ta tarar fiye da kima. Wannan ba abin koyi ba ne.

A 1931 doki ya kā da ita ta karye a baya, amma ta ci gaba da riƙon aikin da yawon neman gudummawa a birane. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, yawancin ma'aikatanta 'yan Ingila suka koma gida, tura 'yan Amurka karatu Landan kuma ya gagara. Sai ta buɗe makarantar ungozoma tata a Hyden a wannan shekara, da ɗalibai biyu tak. Makarantar ta girma har ta zama jami'a, Frontier Nursing University, wadda ke horar da nas-nas a fannin haihuwa da lafiyar mata. Mary ta rasu ran 16 ga Mayu, 1965, a gidanta na katako da ke Wendover, tana da shekara 84.