Sarki Bela na IV da Sake Gina Daular Hangari

An haifi Bela a shekarar 1206, ya kuma gaji mahaifinsa, Sarki Andrew na II, a 1235. Da hawansa karaga ya shiga ƙwato filayen sarauta da mahaifinsa ya rarraba wa hakimai, lamarin da ya sa suka juya masa baya. Ana cikin wannan rashin jituwa ne rundunar Mongol ƙarƙashin Batu Khan ta afka wa ƙasar, ta murƙushe dakarunsa a Mohi ranar 11 ga Afrilu, 1241. Da ƙyar ya tsira zuwa gaɓar tekun Dalmatiya.

Bayan janyewar maharan a 1242, ya lura cewa wurare masu ganuwar dutse ne suka fi kuɓuta. Don haka ya sauya manufa: ya riƙa ba hakimai filaye domin su gina ganuwoyi, ya dawo da makiyayan Kuman, ya gayyato baƙi su raya kufai, ya kuma kafa birnin Buda a kan tudu. Wannan dabara ta kare ƙasar, amma ta ƙarfafa hakiman da daga bisani suka raunana gidan sarauta. Ya rasu a 1270, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa da ɗansa, Istifanus.