Leonhard Euler: Malamin lissafin da makanta ba ta raba shi da alƙalami ba

Ɗalibin injiniya a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, a duk lokacin da ya rubuta f(x) ko harafin e a darasin kalkulas, sawun Leonhard Euler yake bi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Shi ne ya tabbatar da waɗannan alamomi, ya kuma tsara darasin bisa jerin da har yau ake koyar da shi.

An haifi Euler, wanda ake furta sunansa Oila, ranar 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Yana da shekara 13 ya shiga Jami'ar Basel, inda ya haɗu da Johann Bernoulli, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na zamanin. Bernoulli bai yarda ya riƙa yi masa darasi na musamman ba. Sai dai ya umarce shi ya karanta littattafai masu wuya da kansa, ya zo duk ranar Asabar da abin da ya shige masa duhu. Daga baya shi ya shawo kan mahaifin ya ƙyale yaron ya bi lissafi.

A 1727 Euler ya koma birnin St. Petersburg na Rasha, ya kama aiki a cibiyar kimiyya ta can. A shekarar ce ya zo na biyu a gasar cibiyar kimiyya ta Faransa kan inda ya fi dacewa a kafa sandunan jirgin ruwa, alhali ya taso a ƙasar da ba ta da teku. Sunansa ya bazu a Turai a 1735, bayan ya warware matsalar da ta gagari malamai kusan shekara 90. Tambayar ita ce, idan aka tara 1 da 1/4 da 1/9 da 1/16, aka ci gaba haka ba iyaka, ina jimillar za ta tsaya? Ya nuna cewa amsar ita ce π²/6, wato kusan 1.645.

Newton da Leibniz ne suka ƙirƙiro kalkulas, ilimin auna saurin sauyi da tara ƙananan sassa su ba da jimilla. Amma sun bar shi a warwatse cikin takardu, ƙalilan ne ke fahimtarsa. Euler ya tattara shi cikin manyan littattafai uku: na share fage a 1748, na auna sauyi a 1755, sai na tarawa mai juzu'i uku tsakanin 1768 da 1770. Ba ya ɓoye hanyar da ya bi. Yakan fara da misali mai sauƙi, ya hau mataki-mataki, har mai karatu ya ga yadda aka kai ga amsa. Wannan hali, wanda ba kowane babban masani yake da shi ba, shi ya sa littattafan suka zama uwa ga na makarantu.

Bai taɓa raba lissafi da aikin hannu ba. A 1744 ya fitar da ƙa'idar nauyin da ginshiƙi siriri zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe. Ƙa'idar ta nuna cewa idan aka ninka tsawon ginshiƙi sau biyu, kauri bai sauya ba, nauyin da zai jure yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Masu zanen gada da dogayen gine-gine da ita suke aiki har gobe. Ya yi rubutu kan ƙera jiragen ruwa, da gudanar ruwa, da tafiyar wata. Haka kuma ya kawo dabarar kusantar amsa da ƙananan matakai idan lissafi ya ƙi warwaruwa kai tsaye, wadda ita ce mafarin hanyoyin da kwamfuta ke bi a yau.

A 1741 ya amsa gayyatar Sarki Frederick na Biyu zuwa Berlin, inda ya shafe shekara 25. Jininsu bai haɗu ba. Sarkin yana son masu iya zance da barkwanci, Euler kuwa mutum ne mai ibada da son zaman gida, har sarkin yakan yi masa ba'a saboda idonsa na dama da ya rasa tun wajen 1738. A 1766 ya tattara iyalinsa ya koma St. Petersburg bisa gayyatar Sarauniya Catherine.

A nan ne jarrabawa ta yi masa yawa. Yana ta rufe idon da ya rage, kuma aikin da aka yi masa a 1771 bai yi nasara ba. A shekarar gobara ta cinye gidansa, wani ɗan garinsu ne ya fito da shi daga cikin wuta, aka kuma tsirar da yawancin takardunsa. Matarsa Katharina, wadda suka haifi 'ya'ya 13 amma biyar kaɗai suka girma, ta rasu a 1773. Duk da haka aikinsa bai ragu ba. Yakan yi lissafin a ka, ya faɗa, 'ya'yansa da mataimakansa su rubuta. A 1775 kusan duk mako sai ya kammala maƙala guda.

Ranar 18 ga Satumba, 1783, ya yi lissafi kan yadda balan-balan ke tashi sama, ya tattauna da abokin aikinsa kan duniyar Uranus da aka gano shekara biyu kafin nan. Da yamma jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu yana da shekara 76. Ayyukansa da aka ƙidaya sun kai 866, kuma cibiyar St. Petersburg ta shafe gomman shekaru bayan rasuwarsa tana buga waɗanda ya bari.