Lorenzo Langstroth: Faston da ya sauya fasalin kiwon zuma

An haifi Lorenzo Langstroth a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka ranar 25 ga Disamba, 1810. Ya kammala Jami'ar Yale a 1831, daga bisani ya zama fasto, sai dai ciwon damuwa da kan kwantar da shi wata da watanni ya hana shi ɗorewa a aikin. A kiwon zuma ne sunansa ya fito.

A zamaninsa ƙudan zuma kan manne saƙarsu a jikin amya. Mai ɗiban zuma sai ya yayyanke saƙar, ya hallaka ƙwai da tsutsotsi, wani lokaci har da sarauniya, wadda ita kaɗai ke haifar ma'aikatan gidan.

A 1851 Langstroth ya lura cewa idan tazarar da ke tsakanin katako biyu ba ta kai kimanin milimita 6 ba, ƙudan kan toshe ta da danƙo. Idan ta wuce milimita 9, sai su gina saƙa a ciki. Wadda ke tsakani kuwa sukan bar ta a matsayin hanyar wucewa. Da wannan ma'auni ya ƙera akwati mai firam-firam da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓarna ba. Ya sami takardar mallakar fasahar ranar 5 ga Oktoba, 1852, ya kuma wallafa littafinsa kan amya da ƙudan zuma a 1853.

Daga nan mai kiwo ya sami ikon ganin ko sarauniya na saka ƙwai, da ƙara mata wuri idan sashen reno ya cunkushe, domin cunkoso kan sa ta fice da wani ɓangare na rundunar. Masu kiwon da suka biyo baya sun ƙara wata raga tsakanin akwatin ƙasa da na sama, wadda ma'aikata ke ratsawa amma sarauniya ba ta iya bi saboda girmanta. Ta haka reno ke tsayawa a ƙasa, zuma zalla ta taru a sama.

Langstroth bai ci moriyar ƙirƙirarsa ba, domin mutane da dama sun kwaikwayi akwatin ba su biya shi ko sisi ba. Ya rasu ranar 6 ga Oktoba, 1895, a kan mumbarin wani coci a Dayton ta jihar Ohio. Har yau akwatin da ke ɗauke da sunansa na cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya, har da gonakin zuma na zamani a Najeriya.