Judah Touro, Bayahuden da Ya Fanshi Masujada

A ƙasar Daura kowane yaro ya san labarin Bayajida, baƙon da ya sauka da dare ya buɗe wa mutanen gari rijiyar Kusugu. Saboda haka ba mu mamaki in an ce baƙo ya zama albarka ga garin da ya karɓe shi. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani baƙo, Bayahude, mai sayen filaye da kantuna a Amurka. Sunansa Judah Touro, watau Yahuza a bakinmu.

An haife shi a garin Newport a 1775. Ubansa Ishaku mutumin Amsterdam ne ta ƙasar Holan, shi ke bi da sujada a majami'ar Yahudawan Newport. Yaƙin da Amurka ta yi da Ingila ya watsa jama'ar, har uban ya kai iyalinsa tsibirin Jamaika, can ya rasu. Uwar ta koma Boston wurin ɗan'uwanta, ita ma ta rasu a 1787. Yahuza ya zama maraya yana da shekara 12. Kawunsa ne ya goye shi, ya koya masa ciniki.

Wajen 1801 ya tashi zuwa New Orleans, a bakin kogin Misisifi. A lokacin nan garin bai shiga Amurka ba tukuna. Ya buɗe ɗan kanti yana sayar da sabulu da kyandir da busasshen kifi. A 1803 Amurka ta sayi ƙasar daga Faransa, jiragen ruwa suka yawaita, cinikinsa ya haɓaka.

Da sojan Ingila suka zo wa garin da yaƙi, sai ya shiga cikin masu tsaronsa. Ran 1 ga Janairu 1815 yana ɗaukar harsashi, sai harsashin igwa ya farke masa cinya, aka bar shi kwance kamar matacce. Abokinsa Rezin Shepherd, wanda ba Bayahude ba ne, ya ɗauke shi ya kai shi gari, ya yi ta jinyarsa har ya tashi. Yahuza bai manta da wannan ba har mutuwarsa.

Bayan wannan ya sa ribarsa cikin filaye na tsakiyar kasuwa, yana gina kantuna yana ba da su haya. Ba ya cin bashi domin ya saya, kuɗi hannu yake biya, kuma da wuya ya sayar da abin da ya saya. Garin yana girma, darajar filayen tana hawa. Duk da haka bai gina wa kansa babban gida ba. Bai yi aure ba, zaman tsimi ya yi dukan ransa.

A 1822 wani fasto mai suna Theodore Clapp ya kama aiki a wata ekklesiya ta garin, ya tarar bashi ya yi mata katutu, har ya zama dole a sayar da masujadar. Wurin kuwa yana da kyau ƙwarai domin kasuwanci. Yahuza ya saye ta a kan dala 20,000. Da ya rushe ta ya jera kantuna, da ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya bar Kirista suna sujada a ciki shekara da shekaru. Da gobara ta cinye ta a 1851, ya sāke ba su wani gini.

Cikin tsufansa wani abokinsa, Gershom Kursheedt, ya yi ta tuna masa da jama'arsa. Ya ba Yahudawan garin majami'a, aka keɓe ta a 1850. A 1852 ya kafa asibiti wanda aka sa wa sunansa. Ya rasu cikin Janairu 1854, aka kai gawarsa Newport aka binne.

Wasiyyarsa ta ba mutane mamaki. Ya raba wajen dala 500,000 ga majami'u da asibitoci da gidajen marayu, na Yahudawa da na waɗanda ba Yahudawa ba. Dala 80,000 domin gidan gajiyayyu a New Orleans. Dala 50,000 domin matalautan Yahudawa a Urushalima, da su Moses Montefiore ya gina gidaje a bayan ganuwar birnin a 1860. Abin da ya ragu ya bar wa Shepherd, wanda ya ɗauke shi daga bakin dāga.

Ya ku 'yan'uwa, Ubangijinmu ya koya mana cikin misalin Basamariye cewa maƙwabci shi ne wanda ya yi jinƙai, ko daga wace kabila ya fito. Mutumin nan bai tambayi addinin mabukaci kafin ya miƙa hannu ba. Waɗansunmu muna da ɗakunan haya, waɗansu hatsi a rumbu sa'anda damina ta yi tsakiya, maƙwabci kuwa ya kwana da yunwa. Bari kowa ya duba abin da Allah ya danƙa masa, gama alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.