Krim Belkacem, Mai Sa Hannun Sulhun Aljeriya

'Yan'uwa masu fatauci ta Assamaka zuwa Tamanrasset sun san 5 ga Yuli ranar 'yancin Aljeriya ce. Cikin waɗanda suka kawo ranar akwai Krim Belkacem, haifaffen Kabiliya a 1922. Ya shiga daji tun 1947, yana cikin mutum shidan da suka tsara yaƙin 1954. Da Faransa ta nemi riƙe Sahara, shi da abokansa suka ƙi. Shi ya sa hannu a yarjejeniyar Evian ranar 18 ga Maris 1962, washegari aka tsagaita wuta. Daga baya ya saɓa da masu mulki, ya yi hijira, aka kashe shi a Frankfurt a 1970. Sai 1984 aka maido gawarsa gida.