Fritz Walther: maƙerin bindigogin Hitila da ya sake tashi bayan yaƙi

An haifi Fritz Walther a 1889 a garin maƙeran bindiga da yau ake kira Zella-Mehlis, a tsakiyar Jamus. Shi da 'yan'uwansa suka gaji masana'antar mahaifinsu Carl a 1915. Ya fito da ƙaramar bindiga samfurin PP a 1929, amma wadda ta ɗaukaka gidan ita ce P38, da rundunar Hitila ta zaɓa don maye gurbin Luger mai tsadar ƙira.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ciniki, ya kuma kwashe ma'aikata zuwa fagen daga. Kamfanin ya cike gurbinsu da aikin tilas, har ya kafa reshe a sansanin gwale-gwale na Neuengamme, kusa da Hamburg, inda fursunoni suka yi ta ƙera makamai ƙarƙashin gadin dakarun SS.

Zuwa 1945 gaggawa ta sa ƙirar ta yi kaushi. Waɗannan bindigogin ƙarshe, masu tambarin sirri ac 45, su ne masu tara tsofaffin makamai ke rububi a yau. Sukan ƙwanƙwance hatimi da lamba, amma da wuya su tambayi wanda aka tilasta wa aikin.

A Afrilun shekarar sojojin Amurka suka kama garin, suka kwashi bindigogi tsaraba. Daga baya Tarayyar Sobiyat ta wargaza masana'antar. Fritz ya koma yammacin ƙasar, ya lallaɓa da ƙera injinan lissafi, kana ya sake kafuwa a Ulm a 1953. Kafin mutuwarsa a 1966, P38 ɗin nan ta koma ƙugun sojojin Jamus ta Yamma da sabon suna, P1.