Aldo Leopold (1887–1948): Masanin Daji da Sha'anin Wuta

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Aldo Leopold ranar 11 ga Janairu, 1887, a garin Burlington na jihar Ayowa a ƙasar Amurka. Ya yi karatun kula da gandun daji a Jami'ar Yale, inda ya kammala a 1909. A shekarar ce ya kama aiki da Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka, aka tura shi dazuzzukan duwatsun Arizona da Niyu Meziko.

Gwagwarmayarsa da Wuta

Leopold ya fara aiki a lokacin da hukumarsu ta ɗauki wuta a matsayin babbar abokiyar gaba, musamman bayan gobarar 1910 da ta cinye kusan eka miliyan 3 a arewa maso yammacin ƙasar. Shi ma a kan wannan aƙida ya tashi. A 1920 ya yi rubutu yana sukar masu ganin a riƙa cinna wa daji ƙaramar wuta jefi-jefi, kamar yadda 'yan asalin ƙasar suka saba.

Sai dai gani ya kori ji. Da ya nazarci tabon ƙuna a jikin tsofaffin itatuwan kudancin Arizona, ya fahimci cewa a da wuta kan bi ciyawa a kai a kai, ta ƙone ƙananan tsirrai, ta bar manyan itatuwa a tsaye. Da kiwo ya yi yawa ciyawa ta ƙare, sai wuta ta rasa abin bi, sarƙaƙiya ta mamaye wurin, zaizayar ƙasa kuma ta ƙaru. Ya wallafa wannan bincike a 1924, shekarar da aka keɓe dajin Gila daga gina hanyoyi bisa shawararsa.

A 1936 ya ziyarci duwatsun Sierra Madre a arewacin Meziko. Can ya tarar da dajin da wuta ke bi lokaci-lokaci, namun dawa na nan, ƙoramu kuma garau. Wannan ya nuna masa cewa yawancin dazuzzukan da ya sani a baya ba lafiyayyu ba ne.

Koyarwa da Rasuwarsa

Tun 1933 Leopold ya zama farfesa a Jami'ar Wisconsin, ya kuma fitar da littafi kan kula da namun daji. A 1935 ya sayi wata gona da ƙasarta ta mutu, shi da iyalinsa suka dasa dubban itatuwa a cikinta. Ranar 21 ga Afrilu, 1948, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana taya maƙwabcinsa kashe wutar da ta kama ciyawa. A 1949 aka buga shahararren littafinsa, A Sand County Almanac, wanda ya koyar da cewa ɗan'adam ɗaya ne daga cikin al'ummar ƙasa da ruwa da tsirrai da dabbobi, kuma suna da haƙƙi a kansa.

Tasirinsa

Ɗansa Starker ya jagoranci kwamitin da ya ba da rahoto a 1963, wanda ya share fagen amincewa da wuta a gandayen shaƙatawa na ƙasa a 1968. Tun harba tauraron ɗan'adam na Landsat a 1972, masana ke auna faɗin ƙuna da farfaɗowar itatuwa daga sama, kamar yadda aka yi bayan gobarar 2020 a duwatsun Santa Cruz na gaɓar tekun Kalifoniya. Tambayar da suke bibiya ita ce wadda Leopold ya faro: wace wuta ce ke raya daji, wacce ce kuma ke kashe shi?

Auna Fahimta

1. Bayyana dangantakar kiwo da wuta da zaizayar ƙasa bisa binciken 1924.
2. Kwatanta ra'ayin Leopold na 1920 da na bayan 1936.